Kwalba ta Uku

Ni ce na dafa naman da aka ci ranar da yayana ya buɗe kwalabensa. Ban taɓa sa giya a bakina ba, kuma ba zan sa ba har in koma ga Allah. Amma na zauna a bakin ƙofa tun bayan azahar har rana ta yi sanyi, na ga yadda ake ɗanɗana ta, kuma a wannan zaman ne na ji abin da na gwammace in mutu ban ji ba.

Mu biyu muka rayu cikin bakwai da Inna ta haifa. Shi ne na fari, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya. Ina goye a bayan Inna shi yana lakwal, makarantar boko, a nan Gure. Kafin in yi wayo ya tafi lise, babbar sakandare, a Damagaram, daga can Yamai, daga Yamai gwamnati ta tura shi Faransa ya karanci aikin ruwa. Bai dawo ba. Ya sami aiki, ya auri Bafaransa, suka haifi mace da namiji. Cikin shekara talatin da wani abu sau uku ya taka ƙasar nan. Kowane zuwa da rediyo ko zannuwa ko maganin ciwon gaɓɓai, ya yi kwana goma yana kwana a gidan wani abokinsa ma'aikaci saboda ɗakunanmu da zafi, ya koma. Inna kan yi wata guda tana ba maƙwabta labarin abin da ya ci da abin da ya ce.

Ni kuwa ban je ko'ina ba. Na yi karatun malanta, aka tura ni Gidigir shekara huɗu, aka dawo da ni Gure, na yi aure a unguwarmu, gidana da na Inna lungu ɗaya ne tsakani. Da Baba ya rasu, ni ce mai kai mata tuwo, ni ce mai zuwa kwari in karɓo mata rabonta na dabino da rogo daga wanda yake noma mana lambun.

Ciwon ajalinta ya fara ne da damina. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, sai an jingina ta da bango take iya barci. A lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, sai in je gidan waya in bi layi a buga mini tarho. Sau uku na kira shi. Na ƙarshen na gaya masa gaskiya, na ce likita ya ce a kira na nesa. Ya ce aiki ya riƙe shi, an ɗora masa wani babban abu da ba mai iya ɗauka sai shi, ba za su sake shi ba sai an shiga sabuwar shekara. Na tausaya masa har ni ce na koma ba shi haƙuri.

Da na koma gida Inna ta tambaye ni me ya ce. Na dubi fuskarta na kasa. Na ce yana hanya.

Kwana goma sha tara ina maimaita mata haka. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ce in leƙa. In leƙa, in dawo in ce ba shi ba ne, wataƙila gobe. Ta sa na ware dabino mai kyau na ajiye masa a kwano. An fara yankan gero, gari ya cika da amalanke, ranar wata Talata da hantsi ta cika, kanta a cinyata. Shi ya iso bayan sadakar arba'in. Ya je kabari ya yi kuka har sai da aka riƙe shi, mutane suka ce Allah ya ba Inna ɗa mai tausayi.

Shekaru suka wuce. Mijina ya rasu, ƴaƴana suka watsu wurin aiki da aure. Can sai ga saƙo cewa Yaya zai dawo gida baki ɗaya. Sun rabu da matarsa, yaran sun girma kowa ya kama gabansa, shi kuma ya ajiye aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na share gidan Inna, na sa aka yi wa katanga yaɓe, na ce ko ba komai zan tsufa kusa da ɗan uwana.

Abu na farko da ya yi shi ne rushe ɗakin Inna. Ya ce ginin ya tsufa, zai yi na siminti. Ban hana shi ba, shi ne babba, shi ne namiji. Na kwashe tasoshinta da akwatinta na kai gidana. Da aka share wurin sai na ga magina suna haƙa ƙasa, ba harsashen gini ba, rami ne sosai, har mutum ya tsaya ciki ba a ganin hannunsa in ya ɗaga. Ƙasarmu rairayi ce, sau biyu yana ruftawa, sau biyu ana sake haƙawa. Aka zuba siminti, aka yi matakala, aka sa ƙofar ƙarfe, sannan aka ɗora ɗaki a kai. Ya gaya wa magina wurin ajiyar littattafai ne da magani, don kada zafi ya lalata su.

Kayansa sun zo a kamyo, babbar motar kaya, daga Yamai, akwatunan katako fiye da goma. Wajen saukewa ɗaya ya suɓuce, kwalba ta fashe a ciki, jan ruwa ya biyo tsagar katakon ya ɗiga kan rairayi. Masu saukewa suka dubi juna. Kafin Juma'a ta zagayo babu wanda bai sani ba.

Shi bai ji komai a jikinsa ba. Ni ce nake shiga gidan suna in ji hira ta ɗauke. Ni ce wata maƙwabciya ta tare a wurin niƙa, tana murmushi, ta ce yaya mai rijiya, ruwan nasa ya yi daɗi? Liman ya je ya yi masa nasiha sau ɗaya. Ya karɓe shi da girmamawa, ya dafa masa shayi, ya raka shi har bakin lungu, babu abin da ya canza. Ranar Juma'a kuma sai ka gan shi cikin farar riga a sahu.

Dole in faɗi gaskiya a kansa: ban taɓa ganin ya yi tangaɗi ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A wata guda da wuya ya buɗe kwalba ɗaya. Abin da yake yi kullum shi ne kiwon kwalaben. Da safe ya sauka ramin ya duba ma'aunin zafi da ya rataye, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya jiƙa buhunan da ya lulluɓe ƙofar da su. Da bazara, lokacin da famfo kan yi kwana uku ba ɗigo, ina kallon ana shiga da jarkoki gidansa don a shayar da buhu. Kwalaben a kwance suke a kan katakai, wai don ruwan ya riƙa taɓa toshiyar kada ta bushe. Ya taɓa nuna mini daga saman matakala. Ya ce akwai waɗanda ya saya shekarar da aka haifi ƴarsa, akwai na shekarar ɗansa, kuma ba zai buɗe su ba sai ranar da yaran suka zo Gure suka ga inda ubansu ya fito.

Shekara uku suna cewa za su zo. A ta ukun har an sa rana, lokacin sanyi, na sayi katifu, na sa aka yi wa ɗaki fenti. Saura sati biyu ƴar ta kira ta ce an gargaɗe su game da hanya, sai dai wani lokaci. Yaya ya ajiye wayar. Washegari da na kai masa kunu ya ce ya gaji da jira, ranar Asabar zai yi baƙi biyu, in dafa masa naman rago, amma kada in sa yaji ko barkono, wai suna kashe harshe. Na ce naman da babu yaji ai na majinyata ne. Ya ce haka yake so.

Baƙin na san su duka. Ɗaya likita ne, Kirista, mutumin ƙasashen bakin teku, ya shekara biyar yana aiki a garin nan, mutum mai sanyin magana wanda mata suke yabo. Ɗayan abokin Yaya ne tun lakwal, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai tasbihi a hannu kullum, wanda kowa ya san abin da yake yi in ya rufe ƙofa.

Na kai abinci bayan azahar da niyyar in ajiye in tafi. Yaya ya tare ni.

"Ki zauna, Auta. Ba sai kin taɓa komai ba. Ina so dai wani na gida ya gani."

Yadda ya faɗa ne ya sa na kasa tafiya. Na jawo kujerar tsugunno na zauna a bakin ƙofar falo, ƙafata ɗaya a waje.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Kwalabe huɗu a jere, tun jiya ya tsayar da su don gurɓin da ke ciki ya kwanta. Kowane mutum an jera masa kofunan gilashi huɗu masu dogon wuya, da burodi a yanke, da ruwa, da tasa a ƙasa ta tofarwa. Ya ɗauki ta farko, ta shekarar ƴarsa, wadda ta fi kowace tsufa. Ya murɗa wani ƙarfe mai kama da ƙahon rago cikin toshiyar, ya ja a hankali. Toshiyar ta karye a tsakiya, rabi ya fito, rabi ya marmashe ya faɗa ciki. Ya tace ta ƙyalle cikin wani tulun gilashi, yana haska wuyan kwalbar da fitilar waya don ya ga lokacin da gurɓin zai taso.

Na ɗauka ja za ta kasance kamar zoɓo. Ba haka ba ne. Launin tsohon lalle ne da ya kwana biyu a ƙafa. Suka karkata kofunan a kan farin ƙyallen suna duba gefen ruwan, suka jujjuya, suka tura hanci ciki. Likita ya kurɓa, ya wana a baki kamar mai kurkure, ya tofar a tasa. Mutumin duwan ya haɗiye tasa ya ce madalla.

Yaya ya zuba wa likita ido. Likita bai yi gaggawa ba. Ya sake shinshinawa, sannan ya ce cikin Faransanci, a hankali, wannan ta mutu. Ya ce tana warin abin da aka dafa, kamar tsamiyar da ta daɗe a wuta, zafi ya gama da ita, wataƙila tun a bayan kamyo. Yaya ya ce a'a, tsohuwa ce, iska take so, a ba ta rabin awa za ta farka. Suka tura kofunan gefe, kowa ya ci burodi ya sha ruwa.

Ta biyu, ta shekarar ɗansa, ko ni daga bakin ƙofa na ji tsaminta da aka buɗe. Toshiyar ta jiƙe har sama, ruwan ya ragu a wuyan kwalbar. Mutumin duwan ma ya yamutsa fuska. Yaya bai yi gardama ba wannan karon. Ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe, ya tofar, ya goge leɓe. Ya ce shekara talatin yana ɗaukar ta daga gida zuwa gida. Na ji tausayinsa ya kama ni har na sunkuyar da kai. Na tashi na zuba musu nama don kawai a sami abin yi.

Sai ya buɗe ta uku. Toshiyar ta fito lafiya lau, da ƴar ƙara. Tun yana zubawa na ga fuskar likita ta canza. Wannan ja ce mai duhu, gefenta kaɗai ya ɗan yi haske. Likita ya tura hanci ya rufe ido. Bai tofar ba. Ya ce yana jin ƙamshin fata jemammiya, da na ƙasa in an yi ruwan fari, da wani abu kamar busasshen dabino can ƙarshe, kuma ɗanɗanon yana zama a baki bayan an haɗiye, ba ya gudu. Yaya ya yi dariya irin wadda rabon da in ji ta tun ina yarinya. Ya yi maza ya buɗe ta huɗun, wadda ba ta kai sauran shekaru ba, don a gwada su gefe da gefe. Suka yi ta kai da kawowa tsakanin kofuna biyu. Suka yarda ta huɗun tana da ƙarfi amma tana kama harshe kamar ɗanyen goro, ba ta gama nuna ba, ta ukun kuwa ta kai daidai inda ake so, bana ko baɗi, daga nan sai gangara. Suka koma kan ta farkon da aka bar wa iska. Ba ta farka ba.

Mutumin duwan ya ɗauki kwalba ta ukun ya miƙa ta nesa da idonsa, ya karanta shekarar da ke jikin takardar da ƙarfi. Na ji shekarar ta daki kunnena, amma ban kawo komai ba. Shekara ai ta kowa ce, a cikinta wani ya mutu, wani inabinsa ya yi kyau.

Daɗi ne ya kwance wa Yaya baki. Ya juya Hausa don ni ma in ji da kyau, ko da yake ya san shekara talatin na yi ina koyar da Faransanci. Ya ce wannan kwalbar ba sayenta kawai ya yi ba, da hannunsa a ciki. A shekarar ya ɗauki hutu, shi da matarsa suka tafi kudu wurin wani danginta mai gonar inabi, suka yi sati biyu suna tsinka tare da ma'aikata. Ya kwatanta yadda ake fita da sanyin safiya da ƴar wuƙa, yadda ruwan inabin ke manne wa yatsu, yadda ake shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itace da rana tsaka a ci a yi waƙa. Bayan shekara biyu mai gonar ya aiko masa da akwati guda. Ya ce a duk zamansa na can bai taɓa jin daɗi kamar na waɗannan sati biyun ba.

Na tambaye shi a wane wata ake tsinkar inabi.

"Watan tara," ya ce, yana jujjuya kofinsa. "Kusan lokacin da ake fara yankan gero a nan."

Kofin ya tsaya a hannunsa. Na ga lokacin da ya gane abin da ya faɗa.

"Yaya," na ce, "ka ce mini aiki ne ya riƙe ka."

Ban ɗaga murya ba. Fanka tana juyawa a sama, wata akuya tana kuka a bayan katanga. Na jira. Da ya ce ƙarya nake, ko ya ce na rikita shekarun, da na sami abin kamawa. Bai dube ni ba. Ya juya ga baƙinsa ya ce musu da Faransanci su yi haƙuri, tsohuwar magana ce ta cikin gida, sannan ya ɗauki kwalbar ya ƙara wa kowa.

Mutumin duwan ya sha. Likita ya ajiye kofinsa bai ƙara taɓawa ba, ya ce yana da mara lafiya da zai duba. Ni na tashi na ɗauki tukunyata, da sauran naman a ciki, na fita. A lungu na haɗu da wata tsohuwar ɗalibata da goyo, ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa mata, har na tambayi lafiyar yaron. Na shiga ɗakina na ajiye tukunyar na rufe ƙofa.

Kwana goma sha ɗaya ban aika masa ko ruwa ba. Na ji an ce yana sayen shinkafa da wake a bakin tasha. A rana ta goma sha biyu, da hantsi, ina tsince zogale, na ji sallamarsa. Tun da ya dawo bai taɓa shiga gidana ba sai ranar sallah. Na shimfiɗa masa tabarma don ba a hana babba wurin zama. Ya rame. Ya zauna yana murza hularsa a gwiwa.

Ya yi magana mai tsawo, yawancinta ban riƙe ba. Ya ce hutun an daɗe da shirya shi, matarsa ta sa rai, lokacin aurensu ya fara tangal-tangal. Ya ce ya ji tsoron ganin Inna a kwance, yana so ya riƙe ta a ransa yadda ya san ta, tsaye a bakin murhu. Ya ce kowace safiya a gonar yana cewa gobe zai nemi jirgi. Na ci gaba da tsinkar zogalena. Can ya ce:

"Na ɗauka za ta jira ni, Auta. Kullum tana jirana."

"Ta jira," na ce. "Har ranar Talata da hantsi."

Sannan na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina. Na ce kwana goma sha tara na yi ina ce wa uwata yana hanya. Na ce ta mutu tana sauraron ƙarar mota. Na ce shekara ashirin da ɗoriya duk sallar da na yi sai na nemi gafarar wannan ƙaryar, kuma abin da yake sanyaya mini rai shi ne na yi ta ne don in rufa wa bawan Allah asiri, wanda Turawa suka ɗaure da aiki a ƙasar da ba tasa ba. Na ce yanzu ya karɓe mini wannan ma.

Ya yi kuka. Na taɓa ganin kukansa a bakin kabari, na san ya iya. Na bar shi ya gama, na ba shi buta ya wanke fuska, ya tafi.

Washegari na aika masa tuwo, don ba shi da kowa, kuma ba zan bari a ce ɗan Inna yana cin abincin tasha ina raye ba. Amma na daina shiga gidan. In miƙa kwano a bakin ƙofa, in karɓi na jiya, mu gaisa kamar maƙwabta. Haka muka yi shekara guda da wata biyu. Ban san ko ya ƙara buɗe wata kwalbar ba, ban tambaya ba.

Wata safiya na buga ƙofa ba a amsa ba. Na tura na same shi a ƙasa kusa da gado, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Likitan nan ne ya duba shi, ya tura mu Damagaram, muka yi sati uku muka dawo da shi a kwance a bayan mota. Na rufe gidana na koma nasa, don ba a jinyar irin wannan daga nesa.

Da aka yi wa likita canjin wurin aiki ya zo sallama. Na ɗauko makullin ramin na ba shi, na ce ya ɗauki abin da yake so, ba na son kwana a kan abin nan. Ya sauka ya daɗe. Ya fito da kwalabe shida kawai, ya ce sauran yawanci zafi ya riga ya ci su, tun da aka daina jiƙa buhunan. Ya ce a cikin shidan akwai biyu irin ta ukun nan, ko in bar wa yaran. Na ce ya tafi da su. Sauran mutumin duwan ya aiko da amalanke da rana tsaka, aka lulluɓe da harawa aka fita da su. Bai shigo ya duba abokinsa ba.

Yaran suna kira, ba zan yi musu ƙarya ba. Duk ƙarshen wata ƴar takan kira ta hoto, ni ce mai riƙe wayar a gaban fuskarsa. Ta ce masa ya yi kyau, ta nuna masa jikansa, ta gode mini da Faransanci mai daɗi, ta ce ba ta san yadda za su yi ba in ba ni. Minti goma in ya yi yawa. Namijin ya fi yin rubutu.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ni nake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ni nake wanke shi, ni nake ba shi kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen baki. Gwiwoyina sun fara ciwo, ɗaga shi yana yi mini wuya. Hankalinsa yana nan, idonsa yana bina duk inda na yi a ɗakin. Maganar ce ta tafi, sai wasu sautuka da na koyi fassarawa: wannan fitsari ne, wannan zafi ne, wannan a kunna rediyo.

Satin da ya wuce na fitar da shi tsakar gida ya sha hantsi. Na gyara masa matashi zan juya sai ya kama bakin zanena da hannunsa mai lafiya. Ya riƙe da ƙarfi. Leɓensa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, yana ta ƙoƙarin fitar da wata kalma da ba ta cikin waɗanda na sani. Da na sunkuya na kai kunnena kusa da bakinsa wataƙila da na gane. Ban sunkuya ba. Na tsaya ina kallonsa har ya gaji ya saki zanen. Wataƙila gafara yake nema, wataƙila ƙishirwa yake ji. Na ɗebo ruwa a randa na ba shi, na goge masa haɓa, na je na ɗora tukunya.